Kwana Da Karin Kumallo A Bakin Tafkin Lok Nes

A arewacin tsibirin Biritaniya akwai wata ƙasa ta duwatsu da tafkuna wadda Faransawa ke kira Ekos, masu jin Ingilishi kuwa suna ce mata Sikotilan. Wanda ya karanta tarihin ƙasashenmu ya riga ya gamu da waɗansu daga cikin mutanenta. Mungo Park, wanda ya biyo kogin Isa, watau Kwara, cikin kwalekwale har ya rasa ransa a Busa cikin shekarar 1806, ɗan ƙasar ne. Haka kuma Hugh Clapperton, wanda ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato cikin 1824, ya sake komowa, ajalinsa ya same shi can a 1827. Waɗannan sun zo sun ga irin tamu karɓar baƙi. To, yau bari mu leƙa tasu ƙasa, mu ga yadda mutumin karkara ke saukar da baƙo cikin gidansa, da kuma dalilin da ya sa wannan ƙaramar sana'a ta zama abin dogaron ƙauyuka da yawa.

Bisa ga ƙidayar 2022, mutanen Ekos sun kai miliyan 5 da dubu 400, amma akasarinsu suna zaune ne a kudu, tsakanin manyan birane biyu, Gilasgo da Edimbura. In mutum ya miƙa arewa sai ya ga duwatsu suna ƙaruwa, gidaje suna raguwa, har ya shiga yankin tuddai da suke kira Hailan. Faɗin wannan yanki ya zarce murabba'in kilometir 25,000, amma in an raba, mutum 9 ne kacal ke faɗa wa kowane murabba'in kilometir. Tafkunan ƙasar kuwa, manya da ƙanana, sun fi 30,000. Da harshensu na gado, watau Gelik, sunan tafki shi ne loch, mu kuwa sai mu ce lok. Wanda ya fi suna a duniya cikinsu duka shi ne Lok Nes.

HANYA ZUWA TAFKI

Daga birnin Landan zuwa Inverness, babban garin yankin tuddai, tafiyar kusan kilometir 900 ce. Akwai jirgin ƙasa mai gadajen kwana wanda ke tashi da dare, gari na wayewa ya iso. Daga Edimbura kuwa tafiyar awa uku da rabi ce. In an bar Inverness aka yi kudu maso yamma, kamar kilometir 10 ne mutum zai fara hango ruwa.

Hanyoyi biyu ne ke bin gefen tafkin. Ta gaɓar yamma ita ce babbar hanya, mai yawan motoci, wadda ke ratsa ƙauyen Drumnadrochit ta kai Fort Augustus a ƙarshen tafki. Ta gaɓar gabas kuwa siririya ce, sojan Janar Wade suka sare ta cikin dutse a wajen 1732, don gwamnatin Landan ta sami hanyar kai soja cikin tuddai. Ita ce ke bi ta ƙauyukan Dores da Foyers. A wurare da yawa mota ɗaya kaɗai take ɗauka, saboda haka aka yi ƴan wuraren raɓewa nan da can. In motoci biyu suka yi karo da juna, wanda ya fi kusa da wurin raɓewa shi ke tsayawa, wanda aka ba hanya kuma ya ɗaga hannu ya yi godiya. Wanda ya wuce bai ɗaga hannu ba, nan take an san baƙo ne. Mai tuƙi ya tuna kuma a hannun hagu ake tafiya, ya kuma yi hankali da tumaki, don sukan kwanta a kan kwalta ba su kula da ƙahon mota ba.

A bakin irin waɗannan hanyoyi ne ake ganin ƙaramin allo a ƙofar gida, ɗauke da haruffa biyu: B&B. Ma'anarsu ita ce kwana da karin kumallo. Ƙarƙashinsa akwai wani ɗan allo da ake juyawa, mai nuna ko akwai ɗaki ko an cika.

GIDA DA MASU GIDA

Abin da ya raba irin wannan masauki da otel shi ne masu shi suna zaune a ciki. Yawanci gidan dutse ne, ko mai farin shafe, da rufin baƙin falalen dutse mai gangare don ruwa da ƙanƙara su zube. Ɗakunan baƙi ba su cika wuce uku zuwa biyar ba. Sau da yawa miji da mata ne waɗanda ɗiyansu suka girma suka tafi birni, ɗakuna suka zama wayam, sai suka gyara su don baƙi. Babu akawu, babu mai gadi, babu ɗan aike. Wadda ta buɗe maka ƙofa ita ce za ta dafa maka abinci da safe, ita ce kuma za ta wanke zannuwan gado in ka tafi. Maigida kuwa yana iya zama makiyayi, ko direban motar ƴan makaranta, ko ma'aikacin gandun daji, shi ne kuma mai faskare, mai gyaran famfo.

Da baƙo ya iso, uwargida za ta tarye shi a ƙofa, ta tambaye shi gajiyar hanya, ta nuna masa inda zai tuɓe takalma in sun kwaso taɓo. Sa'an nan ta hau da shi bene, ta ba shi makulli, ta tambaye shi ƙarfe nawa yake son karin kumallo, da abin da yake ci da wanda ba ya ci. A cikin ɗaki zai tarar da gado mai bargo mai kauri, da butar lantarki, da ganyen shayi, da ƴan biskit na gari da man shanu da sukari waɗanda ƙasar ta yi suna da su. Jikin bango akwai ƙarfen ɗumama ɗaki wanda ruwan zafi ke zagayawa a ciki, domin ko a tsakiyar bazararsu dare yakan yi sanyi. In ya buɗe famfo ya ga ruwan ya yi ja-ja kamar shayi, kada ya tsorata: gidaje da yawa na karkara daga rafin dutse suke jawo ruwansu, launin kuwa na ƙasar da ya ratso ne.

A ƙasa akwai zauren baƙi, mai babbar taga ta gilashi da ke fuskantar tafki. Nan ake hura wuta da maraice, wani lokaci da itace, wani lokaci da wata baƙar ƙasa da ake yankowa daga fadama a shanya. Ita wannan ƙasa ruɓaɓɓen ciyayi ne na shekaru dubbai, tana ci a hankali, hayaƙinta yana da ƙamshi nasa na dabam. A zauren ne baƙi daga ƙasashe nesa da juna ke haɗuwa, Bajamushe da Ba'amurke da Bajafane, kowa na ba da labarin inda ya yini. Kan tebur akwai taswirori, da littafin da baƙi ke rubuta sunansu da godiyarsu.

Mutanen tuddai suna ɗaukar saukar baƙo da nauyi tun zamanin kakanninsu, domin a ƙasar da sanyi ke kisa, rufe wa matafiyi ƙofa daidai yake da yanke masa hukunci. Akwai wani labari da har yau ba su manta ba. A kwarin Glencoe, kudu da wannan tafki, sojan gwamnati a ƙarƙashin Robert Campbell suka sauka gidajen dangin MacDonald, aka ba su ci da sha da wurin kwana har kwana goma sha biyu. Ranar 13 ga watan Fabrairu 1692, da asuba, sai suka tashi suka far wa masu masaukinsu, suka kashe mutum wajen 30, waɗansu kuma suka gudu cikin ƙanƙara sanyi ya ƙarasa su. An yi kashe-kashen da suka fi wannan yawa a tarihin ƙasar, amma wannan ne ya fi tsaya musu a rai, saboda cin amana ne tsakanin baƙo da mai masauki. Binciken da aka yi a 1695 ya kira abin da sunansa, watau kisan kai.

ABIN DA AKE HANGE TA TAGA

Tsawon Lok Nes kamar kilometir 37 ne, faɗinsa kuwa a yawancin wurare kilometir ɗaya da rabi ne, saboda haka daga tagar masauki ana ganin gaɓar ƙetare sarai, da itatuwanta da fararen gidajenta. Miƙaƙƙe ne sambal kamar an ja shi da igiya. Dalili kuwa shi ne yana kwance cikin wata tsohuwar tsaga ta ƙasa wadda ta raba arewacin Ekos gida biyu, daga teku zuwa teku, tun kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce. Daga baya manyan tulin ƙanƙara suka bi tsagar suna nuƙa dutse suna ƙara mata zurfi, da suka narke, kamar shekara 10,000 ke nan, sai ruwa ya cika ta.

Zurfinsa ya kai metir 230. Lok Lomond ya fi shi faɗi, Lok Morar mai metir 310 ya fi shi zurfi, amma babu wanda ya kai shi yawan ruwa: abin da ke cikinsa ya fi na dukan tafkunan Ingila da Wels in an haɗa su. Saboda wannan yawa ne ba ya daskarewa ko da sanyi ya kai matuƙa, kuma ba ya ɗumama da bazara, can ƙasa yana nan wajen digiri 5 zuwa 6 shekara duka. Ruwan baƙi ne wuluk, domin rafukan da ke zubowa cikinsa suna ɗauko garin baƙar ƙasar nan ta fadama. Mai nutso in ya yi ƴan metoci ƙasa ba ya ganin tafin hannunsa. Masu masauki sukan gargaɗi baƙi kada kwanciyar ruwan ta ruɗe su su faɗa iyo, gaɓar tana da gangare, sanyin kuma yana sandarar da jiki cikin ƴan mintoci.

Mai zama bakin taga ba ya gajiya da kallo, don sararin samaniya ba ya tsayawa a kama ɗaya. Da safe hazo ya kwanta kan ruwa, da hantsi rana ta ɓullo, kafin azahar yayyafi ya sauko, bakan gizo ya tsaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ruwan sama ba shi da lokaci, ko wane wata ana yinsa. Abin mamaki kuwa, Inverness a gabas ba ta samun milimetir 800 a shekara, amma Fort William, a ɗaya ƙarshen kwarin, tana samun kusan milimetir 2,000, domin iskar teku daga yamma take zuwa, duwatsun can su fara tatse ta. A watan Agusta wata gajeruwar ciyawa ta kan tudu takan yi fure, duwatsu su koma shuɗi-shuɗi mai ja. Da magariba manyan bareyi masu ƙaho mai rassa sukan sauko kiwo, ga kuma shanun ƙasar masu dogon gashi har yana rufe musu ido.

Jiragen ruwan da ake gani suna wucewa kuwa suna bin wata hanya ce da injiniya Thomas Telford ya tsara. An fara haƙa ta a 1803, aka buɗe a 1822. Ta haɗa Lok Nes da waɗansu tafkuna, ta zama hanyar ruwa mai kilometir 97 daga tekun gabas zuwa na yamma, da ƙofofin ɗaga jirgi 29. Biyar daga cikinsu suna jere kamar matakala a tsakiyar Fort Augustus, inda jama'a ke tsayawa suna kallon yadda ake ɗaga jirgi da ruwa kawai. Ɗaya daga cikin dalilan gwamnati na yin wannan aiki shi ne samar wa mutanen tuddai abin yi don su daina ƙaura. Wannan damuwa, kamar yadda za mu gani, ba ta ƙare ba.

DARE, RANA DA ABINCI

Abin da ya fi rikita baƙo daga ƙasashen zafi shi ne tsawon yini. A ƙarshen watan Yuni rana takan yi kusan awa 18 a sama, ƙarfe goma na dare mutum yana iya karanta jarida a tsakar gida ba fitila. Shi ya sa ake sa wa tagogi labule mai kauri. A watan Disamba kuwa abin ya juya, yini bai kai awa 7 ba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Da bazara akwai kuma waɗansu ƴan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo, ba su kai sauro girma ba, ba su kuma kawo zazzaɓi, amma sukan taso dubbai da maraice in iska ta kwanta, su kori kowa zuwa cikin ɗaki.

Karin kumallo shi ne abin alfaharin kowace uwargida, ana kuma cinsa tsakanin ƙarfe takwas da tara. Akan fara da kunu mai kauri na wani hatsi ɗan uwan alkama wanda ke jure sanyi da danshi. Tsofaffin ƙasar da gishiri suke shansa, baƙi kuwa su zuba zuma ko madara. Bayansa sai babban faranti: ƙwai, tumatir gasasshe, wake, wainar dankali, da nama. Ga burodi gasasshe da man shanu da matsattsen lemu dafaffe da sukari, ga shayi ko kafe. Ya kamata mai karatu ya sani, naman da aka saba sawa a wannan faranti na alade ne, akwai kuma wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Wanda ba ya cin waɗannan sai ya faɗa tun daren isowarsa, ba abin kunya ba ne, sun saba. Za a kawo masa bandar kifi da ƙwai a madadinsu, kifin kuwa yana cikin mafi kyau a Turai. Yawancin waɗannan gidaje ba su ba da abincin dare, sai a tafi gidan abinci na ƙauye, a kuma je da wuri don ba su daɗewa a buɗe.

KUFAI A BAYAN GIDA

In baƙo ya hau tudu a bayan masauki, a kwaruruka da yawa zai gamu da tarin duwatsu a jere, murabba'i-murabba'i, ciyawa ta rufe su. Kufan gidaje ne. Ƙasar da yake gani shiru, dā cike take da mutane. A 1773 marubuta biyu, Samuel Johnson da James Boswell, sun bi gaɓar gabas ta wannan tafki a kan dawaki, suka shiga bukkar wata mata mai kiwon awaki wadda Gelik ne harshenta, suka rubuta yadda iyali ke rayuwa da ɗan hatsi da nono.

A lokacin kuwa zaman ya riga ya fara rushewa. Ranar 16 ga Afrilu 1746, a filin Culloden kusa da Inverness, sojan gwamnati suka murƙushe mayaƙan da ke goyon bayan gidan sarautar Stuart, akasarinsu mutanen tuddai. Bayan haka aka karɓe makamai, aka rage ikon shugabannin dangi. Sannu a hankali shugaban da dā yake auna arzikinsa da yawan mazajen da ke bayansa ya koma mai ƙasa wanda ke auna shi da kuɗin haya. Da farashin ulu ya tashi, sai aka ga tunkiya ta fi talaka riba. Daga wajen 1750 zuwa 1860 aka yi ta tashin ƙauyuka ana ba makiyayan tumaki filayen. A yankin Sutherland kaɗai an tashi mutum wajen 15,000 a farkon ƙarni na 19, a waɗansu wurare har da cinna wa rufin gidaje wuta. Ciwon dankali na 1846 ya ƙara yunwa a kan wannan. Waɗansu aka tura su bakin teku kan ƙasa marar albarka, waɗansu suka gangara masana'antun Gilasgo, dubbai kuma suka shiga jirgi zuwa Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan. Har yau akwai gunduma a Kanada mai suna Glengarry, sunan wani kwari ne da ke kudu da Lok Nes. Da yawa daga cikin baƙin da ke kwana a waɗannan masaukai jikokin waɗancan ne, sun zo neman kufan kakanninsu.

Sai a 1886, bayan tarzoma da binciken hukuma, aka yi dokar da ta hana korar ƙaramin manomi daga gonar hayarsa, ta kuma ba shi ikon gadar da ita ga ɗiyansa. Irin waɗannan ƙananan gonaki sun kai kimanin 20,000 a yau, amma ƴan kadada kaɗan a ƙasa mai duwatsu ba su ciyar da iyali, dole a haɗa da wata sana'a. Saukar baƙi ta shigo ta nan. Jirgin ƙasa daga kudu ya iso Inverness a 1863, Sarauniya Biktoriya ta ratsa tafkin cikin jirgin ruwa a 1873, masu hali suka biyo sawunta. A 1943 aka kafa hukumar samar da lantarki daga ruwan tuddai, wadda ta kai wuta ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba. Da wuta ta zo, da ruwan zafi, da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, sai matar ƙaramin manomi ta ga ɗaki ɗaya da ta gyara yana iya kawo mata cikin wata uku abin da tumaki ba su kawo ba.

DODON TAFKI

Ba a yin zancen Lok Nes a tsallake dodonsa, wanda suke wa laƙabi da Nesi. Wani tsohon littafi na rayuwar Kolumba, malamin addinin Kirista, ya ambaci wata dabbar ruwa a kogin Nes a ƙarni na 6. Amma labarin zamani ya fara ne a watan Mayu 1933, lokacin da jaridar Inverness Courier ta buga cewa wani miji da matarsa sun ga wani abu babba yana birgima cikin ruwa. A shekarar ne aka gama gyaran hanyar gaɓar yamma, aka sare itatuwa, masu mota suka sami ganin tafkin sosai. A 1934 wata jaridar Landan ta buga hoton wani dogon wuya da ƙaramin kai sun ɓullo daga ruwa. Shekara 60 duniya na yawo da wannan hoto, sai a 1994 ta bayyana cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kan roba.

A 1987 aka jera jirage suka share tafkin da na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa, ba a gano dodon ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na jami'ar Otago ta Niyu Zilan ya ɗebi ruwa daga wurare da yawa, ya bincika ɓurɓushin halittar da kowace dabba ke bari a inda take zaune. Sakamakon da ya bayar a 2019 ya nuna babu alamar wata dabba mai jan ciki, sai dai alamar kifin nan mai kama da maciji da yawa ƙwarai. Masana sun kuma nuna cewa igiyar ruwan da jirgi ya bari takan daɗe tana tafiya a tafki mai tsawo da ƙunci, daga nesa ta yi kama da doron dabba. Duk da haka baƙi ba su fasa zuwa ba. Kangon ganuwar Urquhart da ke bakin tafkin, wanda soja suka fasa da albarushi a 1692 da za su bar shi, ya karɓi masu ziyara fiye da rabin miliyan a 2019. In ka tambayi mai masauki ko ya taɓa ganin dodon, sai ya yi murmushi ya ce ka dai riƙa duban taga. Ya san wanda ke cika masa ɗakuna.

RIBA DA HASARA

Sana'ar tana da wuyarta. Kasuwa daga watan Afrilu ne zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta wanda bai kama ɗaki tun da wuri ba yana iya kwana cikin mota, da sanyi ya shigo kuwa gidaje da yawa sai su rufe, abin da aka tara da bazara shi za a ci har wata shekara. A 2020 annobar korona ta rufe su tun daga watan Maris har tsakiyar Yuli, rabin kasuwar shekara ya tafi. Fitar Biritaniya daga Tarayyar Turai kuma ta rage samari da ƴan matan da ke zuwa aikin bazara a otel-otel da gidajen abinci.

Babbar matsala kuwa ita ce ta gidajen zama. Tun da intanet ta sauƙaƙa haya, masu kuɗi daga nesa suna sayen gidajen ƙauye, su sa makulli cikin akwati a bakin ƙofa, baƙo ya zo ya tafi bai ga kowa ba. Waɗansu kuma sun saya ne don hutun ƴan makonni, sauran shekara gida na rufe. Farashi ya hau ya fi ƙarfin ɗan ƙauye. Saurayi da budurwa in sun yi aure ba su samun inda za su zauna, malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti in an turo su ba su samun haya. In matasa suka tafi, yara su ragu, makarantar ƙauye ta rufe, kanti ya bi bayanta. Harshen Gelik ma yana cikin abin da ke tafiya tare da su: a ƙidayar 2011 masu iya magana da shi ba su kai 60,000 ba, ko da yake dokar 2005 ta ba shi matsayi, ana kuma rubuta shi a allunan hanya. Ƙasar kanta tana hannun ƴan kaɗan. Binciken Andy Wightman ya nuna rabin filayen karkara da ba na gwamnati ba, masu su ba su kai 500 ba.

Majalisar dokokin Ekos ta ɗauki matakai. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba kowa ikon ratsa daji da tudu da ƙafa muddin bai yi ɓarna ba, ta kuma buɗe wa jama'ar ƙauye hanyar sayen filin da suke zaune a kai in an sa shi kasuwa. Tun kafin ta, mutanen tsibirin Eigg sun haɗa kuɗi sun sayi tsibirinsu a 1997. Daga watan Oktoba 2022 duk mai son fara saukar da baƙi don kuɗi sai ya karɓi takardar izini daga hukumar yankinsa, tsofaffin masu sana'ar kuma aka ba su wa'adi zuwa Oktoba 2023. Daga Afrilu 2024 an ba hukumomin yanki ikon ninka harajin gidan da ba a zaune cikinsa sai lokacin hutu, a shekarar kuma aka yi dokar da ta ba su damar sa ɗan haraji a kan kwanan baƙo. Masu ƙananan masaukai da yawa sun yi kuka da takardar izinin, suna cewa kuɗinta da yawan takardunta sun fi nauyi a kan mai ɗaki uku bisa ga mai gidaje goma, alhali kuwa ba su ne suka kawo matsalar ba.

Kukan nasu yana da hujja. Gida mai makulli a akwati da gida mai uwargida a ƙofa duka suna karɓar baƙo, amma abin da suke bar wa ƙauye ba ɗaya ba ne. Na farko kuɗinsa birni yake tafiya. Na biyu kuwa ƙwansa daga maƙwabciya aka saya, kifinsa daga masuncin yankin, mai gidan yana cikin masu kashe gobara na sa kai, jikokinsa suna cika bencin makaranta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, haka yake a bakin Lok Nes: watan Oktoba na ƙarewa sai motoci su ɗauke, jiragen yawo su ragu, a juya allunan ƙofa. A lokacin ne ake gane lafiyar ƙauye. Mai tsayawa a gaɓar Dores da ƙarfe biyar na yamma cikin watan Disamba yana iya ƙirga tagogin da ke da haske a gefen tafki, da waɗanda ke duhu har bazara ta komo. Wannan ƙidaya ce mutanen tuddai ke sa wa ido, domin kakanninsu sun riga sun ga yadda kwari mai cike da jama'a ke zama kufai.